Ɗorawar da Ta Rage a Gonar Kawu Sale

Dutsin-Ma,
ranar Laraba.

Zuwa ga Autana Nafi'u,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Ina gaishe ka gaisuwar uwa, da fatan takardar nan ta same ka lafiya, kai da mutanen tasha. Allah ya tsare min kai a zaune da tafe, ya raba ka da sharrin hanya da sharrin ƙarfe, ya haɗa ka da mutanen kirki duk inda ka sauka. Yayarka Saude tana gaishe ka, ita da yaranta. Ni ma lafiya lau, sai gwiwar nan da ka sani, da wata gajiya da barci ba ya sauke ta.

Kar ka yi wa rubutuna dariya, rabona da biro tun ajin yaƙi da jahilci. Na zaɓi takarda ne don na san halinka. In ina maka magana baki da baki, ido ɗaya yana kaina, ɗaya yana kan waya, kana ta gyaɗa kai alhali ko kalma ba ta shiga. Takarda kuwa ko ka ninke ta, tana nan cikin aljihunka har ranar da za ka neme ta.

Ranar Lahadi ka zo ka zauna bakin tabarmata da magana biyu. Ta farko, wani Alhaji mai tifofi zai tafi da kai jihar Kogi inda ake haƙar kwal, ku riƙa ɗaukarsa zuwa kamfanin siminti. Ta biyu, kana so in bar maka ɗorawata ta gonar Kawunka Sale a Ɗantutture, ka sayar wa masu gawayi, ka yi lasisin babbar mota da kuɗin, don kar ka je can a yaron mota. Har ka ce Ɗan'azumi mai injin zarto ya riga ya je ya zagaya ta ya yi mata kuɗi. Na ce ka ba ni zuwa Juma'a. Tafiya dai na yarje maka, namiji ba ya zama a gindin uwarsa har gemu ya yi fari. Maganar ɗorawar ce ta hana ni sakat, kuma a kanta na ɗauki biro. Ka karanta duka kafin ka zo Juma'a, kar ka tsallake zuwa ƙarshe yadda kake yi da komai.

Ku yaran yanzu in kun ga itace a gona sai ku ce na mai gona ne. A gidanmu ba haka muka taras ba. Ƙasa ta maza ce, ɗorawa ta mata. Kakarka Iya ta gaji ɗorawa uku wajen uwarta, da ta rasu suka dawo hannuna, gonar da suke ciki kuma ta Sale ce. Shekara da shekaru yana noma a ƙarƙashinsu, bai taɓa tsinkar ko ɗa ɗaya ba. In 'ya'ya sun nuna sai ya aiko, “Ku ce wa Kulu kayanta sun isa.” Mu je mu kaɗo, garin nan rawaya ku yara ku sha har bakinku ya canja launi, kalwa in dafa in yi daddawa, ɓawon ma a jiƙa a yi makuba a shafe ɗaki. Da daddawarsu na haɗa wa Saude rabin kayan ɗakinta. Su uku ne a da. Ka san yanzu ɗaya ce, amma ba ka san yadda biyun suka tafi ba, don ba ka taɓa tambaya ba.

Ta farko ta tafi kana goye. A shekarar ruwa ya ɗauke ana tsakiyar damina, gero ya fito da kai ya bushe a tsaye. Babanku, Allah ya jiƙansa, manomi ne a lokacin, gawayi sai da rani yake ɗan ƙonawa ya kai wa maƙera. Wata safiya ya tsaya bakin ɗakina yana juya hularsa a hannu, ya ce, “Kulu, rumbu ya kusa ƙasa. Ko za ki ba ni ɗaya daga cikin itatuwan nan naki?” Ko numfashi ban ja ba na ce, “Ɗauka mana, Malam, ai biyu sun rage.” Ni na kai musu fura ranar da suka sare ta. Suka daddatsa ta, suka jera, suka rufe da ciyawa da ƙasa, suka bar 'yar kafa suka sa wuta. Kwana da kwanaki tana cin kanta a ciki. Ina tsaye ina kallon hayaƙin sai ga wata tsohuwa, ƙawar Iya, ta biyo hanya da sandarta. Ta tsaya ta dube ni ta ce, “Kulu, abin da uwarki ta bar miki ne ke hayaƙi can?” Ta dogara sandarta ta wuce.

Yunwar gaskiya ce, ban ce ƙarya ba ce. Amma ina da awaki a tsakar gida a lokacin, Auta. Su kullum suna gabana, ina jin kukansu, ina zuba musu dusa, sai na ga ba zan iya rabuwa da su ba. Ɗorawa kuwa tana can Ɗantutture, ba ta kuka, ba na ganinta sai shekara. Hatsin da muka saya bai kai mu wata damina ba. Da awakin na sayar, da shekara biyu na mayar da su. Ita kuwa ko a ranar na shuka wata, sai ka yi wayo ka fara aski da kanka kafin ta yi 'ya'yan kirki. To ka ji. In matsi ya same ka a can, kuma zai same ka, ka fara taɓa abin da za ka iya mayarwa. Wayarka, agogonka, takalmin nan mai ɗan karen tsada da kake goge shi da gefen riga. Abin da ke nesa da idonka shi ne ya fi sauƙin sayarwa, kuma shi ne yawanci ba ya dawowa.

Daga nan gawayi ya zama sana'ar gidanmu. Gari ya cika, ɗaliban jami'a suka zo, kowa da kurfotinsa a ƙofar ɗaki. Ga masu shayi, ga masu tsire, ga masu guga. Na kafa faranti a ƙofar gida ina ƙulla shi a leda, babanku yana daji yana ƙonowa. Kai! A lokacin nan har ƙiba na yi. Masu saye sun fi son gawayi mai nauyi, wanda in ka buga biyu za ka ji ƙara, wanda ba ya tartsatsi ba ya saurin zama toka. Irin wannan kuwa daga saiwar ƙirya da marke yake fitowa.

Babanku yana da yadda yake sara, yadda ubansa ya koya masa. Daidai gwiwa yake yanke itace, ya bar kututturen a ƙasa. Da ruwa ya sauka sai kututturen ya yi toho, bayan 'yan shekaru ka dawo ka taras da wani itacen a wurin. Ni ce na ce masa, “Haba Malam, kana barin abinci a ƙasa. Abokanka suna tone saiwa, masu saye suna wuce farantina suna zuwa nasu.” Ya ce, “Kulu, in na tone, me zan zo in sara baɗi waccan?” Na ce, “Daji ne fa. Daji yana ƙarewa?” Ban bar shi ya sha ruwa ba sai da ya sayi diga. Akwai ranar da ya dawo kasuwar Kurfi jikinsa a sanyaye, ya ce ya haɗu da wani baƙo daga wajen Maraɗi, mai sayar da awaki, ya ce su can sun daina ko sassabe irin namu, toho suke zaɓa su rene shi a gona, har itatuwa sun fara dawo musu. Ka san abin da na ce? Na ce, “Shi zai ciyar da mu?” Da safe ya ɗauki digarsa.

Yau ka bi hanyar Shema ka duba. Wurin da muke tsayawa mu sha iska in mun ɗebo itace, yanzu ko jaki ba zai sami inda zai laɓe wa rana ba. In ruwa ya zo sai ya kwashe ƙasar ya bar kwazazzabo. Ina jin masana a rediyo suna cewa hayaƙin kwal da na mai da manyan ƙasashe ke ƙonawa shi ke ɗumama duniya, shi ya sa damina ta rikice, ta makara, ta ɗauke, sannan ta zo ta rushe gidaje. Sun ce namu kaɗan ne a ciki. To, na yarda, ban da ilimin da zan yi musu. Zafin bazarar nan da ke hana tsofaffi numfashi wataƙila daga nesa aka aiko mana shi. Amma inuwar hanyar Shema ba Bature ne ya zo ya tone ta ba, da bakina a ciki. Saboda haka in ka je can, ka buɗe idonka ka dubi ƙauyen da ke gefen ramin kwal ɗin. Ka dubi launin ruwan da matansu ke ɗiba, ka dubi ganyen gonakinsu. In sun tare muku hanya suna ƙorafi, kar ka leƙo ta taga ka zage su, irin uwarka ne. Kuma in ka ga mai aiki yana ɗan sassauta hannu don tsoron Allah, kar ka zama bakin da zai ce masa yana barin abinci a ƙasa.

Yanzu bari in zo kan maganarka, sarkin wayo. Da na ce maka na ji ana cewa duniya za ta bar kwal, sai ka gyara zama ka ce, “Inna, surutun Turawa ne. China da Indiya suna ƙona shi kamar me, mu ma yanzu muka fara. Muddin ana gini ana son siminti, kwal ba inda za shi.” Na so in yi dariya na kasa. Wallahi kalmomina ne ka maido min. Ni ma haka nake cewa, muddin ana tuƙa tuwo gawayi ba inda za shi.

Ni ban san China ba, ko Kaduna sau ɗaya na je. Ba zan ce maka gobe za a rufe ramin kwal ba. Wataƙila ka tsufa ana haƙarsa. Abin da na sani shi ne yadda sana'a ke barin mutum, don a kaina aka yi. Da tukunyar gas ta shigo gari, ɗalibai suka fara raguwa a ƙofata, yau wannan ta ɓace, gobe waccan. Akwai wani dillali da ke kwasar buhunan babanku yana kai wa birni. Na tambaye shi, “Alhaji, yaya kake ganin kasuwar nan?” Ya ce, “Kulu, kwantar da hankalinki, gas na masu albashi ne, talaka sai gawayi.” Ashe a lokacin da yake faɗa min haka ya riga ya kama shago a bakin titi, ana masa fenti, zai fara sayar da gas. Bai yi min ƙarya ba, ka gane, gaskiya ya faɗa. Amma shi ya riga ya sa ƙafa ɗaya a waje, ni ya bar ni da biyu a ciki.

Sai kuma gas ya yi tsada, mutane suka dawo wa kurfoti. Na yi ta murna ina cewa ai na faɗa muku. Nan na fi yin wauta, don dawowar ta rufe min ido. Kasuwa ta dawo, amma ba wajenmu ta dawo ba. Itacen kusa mun cinye, na nesa kuma daji ya ƙi shiguwa saboda halin tsaron da ka sani. Gawayi sai ya koma zuwa a tirela daga wasu jihohi, a hannun masu jari. Mai gatari ɗaya da diga ɗaya irin babanku ba shi da wuri. Shi ya sa ma su Ɗan'azumi suka juyo kan itatuwan gona, suna bi ɗaya ɗaya, tsamiya, kanya, ɗorawa, duk wadda mai ita ya shiga matsi. Har yau ana sayen gawayi a garin nan, ka gani da idonka. Mu ne dai aka sauke a hanya.

To haka nake jin tsoron kwal ɗinka zai yi. Zai yi kamar zai tafi, ya dawo, ku yi ta shewa, ya sake ja da baya. Masu manyan riguna za su san ranar da ya kamata su fita, za su fita da kuɗinsu a hankali ba wanda ya ji. Mai shebur da mai sitiyari su ne na ƙarshen ji. In kana so ka gane, kar ka saurari bakin Alhajin naka, ka dubi rufin gidansa. In ka ga farantan sola a jere, ka san shi ma ya san wani abu. Mota ka riƙe, Auta, kar ka riƙe kwal. Ka koyi injinta, ka koyi cire taya da gyaran burki, ka san hanyoyi. Motar da ta ɗauki kwal za ta ɗauki masara, za ta ɗauki yashi da taki. Lasisin da kake so abu ne mai kyau, ban ce ba shi da kyau ba. Amma ko da wasa kar ka yarda a ce maka shiga rami ya fi samu ka bar mota ka shiga. In ka yi haka ban yafe ba.

Akwai abin da ya fi duk waɗannan yi min nauyi. Na ajiye biro na yi sallar la'asar kafin in iya rubuta shi.

Kana tuna tarin babanku, amma kana tuna ƙarshensa ne kawai. Farkonsa ɗan gyaran murya ne da safe. Mai ƙona gawayi dole ya zauna kusa da tulin, in wuta ta huda wani wuri ya yi maza ya toshe da ƙasa, in ba haka ba duk ya zama toka. Ranar tonewa kuma ƙurar baƙa ce ke shiga hanci da baki. Yakan dawo ba abin da ke fari a fuskarsa sai ido. In ya tofar da yawu baƙi ne. Ina gani, ni ke wanke kayansa, ni ke share wurin. Sai in dafa masa citta da kanumfari, in zuba zuma, in ce mura ce. Shekara ta zagayo, mura ce. Wata ta zagayo, mura ce. Ban taɓa cewa Malam tashi mu je asibiti ba, don a raina na san in aka ce ya bar hayaƙi, farantina zai zauna ba kaya. Ban faɗa wa kaina haka a fili ba, amma abin yana nan a ƙasan zuciyata. Ranar da ya kasa ɗaga bokitin wanka, ranar muka tafi. Likitan ya ɗaga hoton ƙirjinsa ya daɗe yana kallo, sannan ya ce, “Baba, wane aiki kake yi?” Da ya faɗa masa sai ya juyo gare ni ya ce, “Mama, me ya sa sai yanzu?”

Ɗorawa ta biyu a jinyar nan ta tafi. Wannan ban san ko kuskure zan kira ta ba, don ko yau aka maimaita ina jin zan sake bayarwa. Bai roƙe ni ba, ni na aika wa Sale na ce a nemo mai saye. Ka ga abin da ya faru dai, aka ƙona ta aka yi gawayi don a yi maganin ciwon da gawayi ya sa. Da ya ji, sai ya juya fuskarsa bango ya ce, “Da kin bar ta, Kulu. Ita za ta fi ni daɗewa.” Bai ga damina ta gaba ba. Allah ya kai haske kabarinsa.

Na tambayi wani ma'aikacin asibiti maƙwabcinmu, ya ce ƙurar kwal ma haka take yi wa huhu, a hankali, ba ta gaggawa. Don Allah, don Annabi, ka sa takunkumi in ana lodi da in ana juyewa, ko abokanka za su ce maka ɗan Hajiya. Su ce. Kar ka kwana a ƙarƙashin mota da kaya a kanta. Ka yi wanka kafin ka ci abinci. In tari ya wuce mako biyu ka je asibiti da ƙafarka, kar ka tsaya wajen mai shayi yana haɗa maka citta. In kuma Allah ya ba ka mata, ka gaya mata tun ranar farko cewa in ta ga baƙi a yawunka ta ɗaga maka murya, ba rashin kunya ba ne. Sallarka kuma ka riƙe ta, direbobi suna da uzuri da yawa. Abin da suke haɗiya don kar su yi barci, ko kyauta aka ba ka kar ka karɓa, in barci ya zo ka faka ka kwanta.

To, saura amsarka.

Auta, na gaji. Na gaji da ba da abu ina kallon hayaƙinsa. Tun ranar Lahadi nake juya maganar nan, ina shirya yadda zan ce maka a'a, kuma duk sanda na shirya sai in ga ka shigo ranar Juma'a da farar rigarka, ka cire takalmi, ka durƙusa, ka ce “Inna” da muryar nan taka. Na san kaina. Ba zan kai ƙarshen maganar ba zan ce ka je ka sare. Babanku bai taɓa tsayawa bakin ƙofata ya koma hannu wofi ba, balle kai, ɗana na ƙarshe, da na sha wahalar haihuwarka.

Shi ya sa jiya Talata na ɗaure gwiwata da ƙyalle, na sa Saude a gaba, muka hau motar Kurfi, daga can mai babur ya kai mu Ɗantutture. Na sa Sale ya kira mai unguwa da liman. A gindin ɗorawar muka zauna. Na ga inda Ɗan'azumi ya ɓantare ɓawonta da adda don ya yi mata alama, wurin har ya yi ja. Ta yi fure sosai bana, jajayen tutocin nan suna ta lilo, ƙudan zuma ya cika ta. Na ɗora hannuna a jikinta na ce, “Ku shaida, ɗorawar nan da na gada wajen Iya na ba ɗiyata Saude, kyauta, yau ɗin nan, ba sai na mutu ba. Ta fita hannuna.” Liman ya ce, “Kulu, kin san in ta karɓa shi ke nan?” Na ce, “Don haka na kira ka, Malam.” Saude ta ce ta karɓa, aka shafa fatiha. Kawunka kuwa ya tashi ya ɗebo ɗanyar ƙasa ya shafe wurin da aka ɓantare.

A hanyar dawowa Saude ta ce in gaya maka, kalwar bana da ta baɗi duk naka ne. Ita za ta dafa, ita za ta kai daddawar kasuwa, ta aika maka ka haɗa da abin da ka tara ka yi lasisinka. Ta ce, “Amma itacen, Inna, ko reshe ɗaya ba zai taɓa ba. In yana da magana ya zo ya same ni.” Ka san yayarka, ba irina ba ce, ko kuka ka yi mata sai ta miƙo maka ruwa ka wanke fuska.

Saboda haka a yaron mota za ka tafi, na sani, kuma na san abin zai yi maka ciwo a gaban abokanka. Za ka yi shekara kana ɗaura tamfol kana wanke gilashi, wani yana tuƙi. Ni na ja maka, ba Saude ba, ba Kawunka ba. In za ka yi fushi da ni ka yi, ka ƙi kiran wayata wata ɗaya ko biyu, zan iya ɗauka. Amma ka zo Juma'a. Kar ka durƙusa, ba abin da ya rage a hannuna da za ka roƙa. Ka zo dai ka zauna kusa da ni ka ci tuwo, in ga fuskarka da kyau tun tana da haskenta.

Allah ya kai ka lafiya, ya dawo min da kai da ƙafarka da numfashinka. Allah ya tsare gabanka da bayanka, ya sa albarka a guminka, ya huce zuciyarka a kaina. Na sa ka a hannun Wanda ajiyarsa ba ta ɓata.

Wassalam.

Innarka,
Hauwa'u Kulu